Cibiya: Tarihin Wata Ƙaramar Ƙofa

Kakata ta haifi 'ya'ya tara, uku daga cikinsu ba su kai ranar suna ba. Duk lokacin da ta ba ni labarin, siffar ciwon ɗaya ce: jariri ya kama nono lafiya lau, a kwana na biyar ko na shida bakinsa ya ƙage, jikinsa ya sandare, kafin a yanka ragon suna an kai shi makwanci. A zamaninsu iska ake zargi, wani lokaci maita. Sai da na girma na gane cewa cutar tetanas ce, kuma ta cibiya take shiga.

Wannan masifa ta daɗe tana bin 'yan Adam. A tsibirin Heimaey na ƙasar Aisland, a farkon ƙarni na 19, fiye da rabin jariran da ake haifa suna mutuwa da ita cikin makonni biyu. A 1847 gwamnatin Denmak ta tura wani matashin likita, Peter Schleisner, ya buɗe ɗakin haihuwa, ya tsananta tsabta, ya riƙa shafa wa cibiya wani man itace mai suna kofaiba. Mace-macen suka ragu ƙwarai. A shekarar ce kuma Ignaz Semmelweis ya tilasta wa likitocin Biyana wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa masu naƙuda. Dukansu biyu sun yi nasara a kan abokin gabar da ba su taɓa gani da ido ba.

Ganinsa ya zo daga baya. A 1884 Arthur Nicolaier ya nuna cewa ƙwayar cutar tana zaune a cikin turɓaya, a 1889 kuma Kitasato Shibasaburo, ɗan Japan, ya ware ta ita kaɗai. Daga nan aka fahimci abin da ke faruwa a ɗakin kakata: tsohuwar aska, tsumman gashin cibiya da tokar da ake barbaɗawa su ne ke kai ƙwayar cikin raunin, inda take fitar da dafin da ke ɗaure jijiyoyi. Allurar rigakafi ta samu a shekarun 1920, aka kuma gano cewa idan an yi wa mai ciki, kariyar tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗanta. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 1988 cutar ta kashe jarirai 787,000, shi ya sa a 1989 aka ƙudurta kawar da ita.

Akwai wasu ƙwayoyin da ke bi ta cibiya su gurɓata jini. A kansu ne wani gwaji da aka yi a Nefal, aka wallafa a 2006, ya nuna amfanin shafa kulohekzidin tun ranar haihuwa. A 2013 Jihar Sakkwato ta fara raba shi ga masu haihuwa a gida.

Ba na ganin laifin ungozomar kakata, domin ta yi aiki da iyakar saninta. Mu kuwa da muka gaji sabuwar reza, sabulu, allura da maganin shafawa, in jaririnmu ya rasu ta wannan ƙofa, da wane uzuri za mu fuskanci uwarsa?