John Singer Sargent da zanen masu hannu da shuni

A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da kyamara ta yaɗu har talaka ma ke iya ɗaukar hoto, attajiran Turai da Amurka sun koma neman abin da ba kowa zai samu ba: katafaren zane da fentin mai, daga hannun gwanin da ake yayi. Babu wanda ya ci wannan kasuwa kamar John Singer Sargent, Ba'amurke da aka haifa a Florence ta Italiya a 1856, ya koyi sana'a a Paris wurin Carolus-Duran.

Sargent abokin Claude Monet ne, kuma ya ɗebi wani abu daga salon Impireshanizim, wanda ya fi damuwa da yadda haske ke sauka a kan abu. Sai dai bai yarda fuska ta narke cikin launi ba, domin mai biya yana son a gane shi. Wanda ya matsa kusa da zanensa zai ga rigar siliki shafe-shafen buroshi ce kawai. Da ya ja da baya sai ta koma siliki mai sheƙi. A nan gwanintar take.

Zanensa mafi shahara ya kusa kashe masa kasuwa. A baje kolin Salon na Paris a 1884 ya nuna hoton Virginie Gautreau, haifaffiyar New Orleans kuma matar wani ma'aikacin banki Bafaranshe, cikin baƙar riga, igiyar kafaɗa ɗaya ta zame. Jama'a suka yi ca, suna ganin rashin kunya. Ya gyara igiyar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, sai ya ƙaura zuwa Landan. A 1916 ya sayar da zanen, da aka sani da Madame X, ga gidan tarihi na Metropolitan a New York.

Mai bin siyasa zai ga wani abu bayan ado. Consuelo Vanderbilt, 'yar gidan attajiran layin dogo na Amurka, ta auri Duke na Marlborough a 1895: ita da dukiya, shi da sarauta. Sargent ya zana iyalin a 1905, Giovanni Boldini, ɗan Italiya mai buroshi kamar guguwa, ya zana ta da ɗanta a 1906. Irin waɗannan zane-zane su ne shaidar da sabon kuɗi ke riƙewa cewa tsohuwar sarauta ta karɓe shi. Masu mulki ma ba a bar su a baya ba, don Sargent ya zana Shugaba Theodore Roosevelt a 1903.

Wajen 1907 ya gaji da lallashin masu kuɗi, ya janye daga karɓar irin wannan aiki. A 1919 ya kammala Gassed, zanen sojojin da iskar guba ta makantar a Yaƙin Duniya na Ɗaya, suna tafe a jere, kowa na riƙe da na gabansa. Ya rasu a Landan a 1925.