Daga Mazari Zuwa Kwarashi

A da, kakanninmu mata ba sa sayen zare. Su gurje auduga, su shiɓe, su kaɗa da mazari, masaƙa su mayar da shi gwado da saƙi. Da Bajamushe Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar tufafinta na kaiwa har Tumbutu. Sai yadin Turawa ya cika kasuwa, masaƙar Kaduna ta buɗe a 1957, aka fara jingine mazari.

Yau ulu muke saya, 'ya'yanmu na koyon sabon salon kwarashi a waya, suna saƙa hula da safar jarirai. Saƙa tana nan, kaɗi ne ke tafiya da tsofaffi. Mai kakar da ta iya, ta zauna ta koya tun da sauran lokaci.