Sakkwato za ta kara da Zariya a Gaya: tarihin da ke bayan final ɗin ranar Asabar



Ranar Asabar in Allah ya kai mu, bayan sallar la'asar, akwai final ta ƙwallon kwando a garin nan. Kada ku wahala neman fili. A cikin wani ɗakin wasan PlayStation za a yi ta, gaban tele ɗaya da benci uku. Wata biyu ke nan samarin fada-fada goma sha shida suna fafatawa a wasan NBA 2K, kowace fada ta zaɓi ekip ɗaya daga cikin tsofaffin ekip na NBA da ke cikin na'urar. Yanzu saura biyu. Wani ɗan kabu-kabu ne ke riƙe da Houston ta 1994, wani ɗan lise mai shirin bak yana riƙe da Toronto ta 2019. Wanda ya fara cin maci biyu cikin uku ya ɗauki kofi.

Da suka ce in zo in yi musu sharhi kamar yadda nake yi a rediyo, dariya na fara yi. Amma da na zauna na duba ekip ɗin biyu, sai na ga abin ya wuce wasan yara. Ɗaya tushenta ya bi ta Sakkwato, ɗayar kuma ta Zariya. Na tambayi samarin ko sun san haka. Walle babu ko ɗaya da ya sani. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Mu fara da ita na'urar. Ƙwallon kwando dai wani malami ɗan Kanada, James Naismith, ya ƙirƙiro shi a 1891 a garin Springfield na Amurka, da kwandunan zuba ƴaƴan itace guda biyu da dokoki 13. Kun ga sunan da Bahaushe ya ba shi bai yi kuskure ba. Shi kuwa wasan NBA 2K a 1999 ya fara fitowa. Yadda yake aiki shi ne, kowane ɗan wasa an ba shi maki da ba ya wuce 99 a kan gudu, tsalle, jifa, tsaro da sauransu, gwargwadon abin da ya yi a fili na gaske. In ka danna manet, kwamfuta ta haɗa makin da lokacin da ka saki hannu da ɗan rabo na sa'a, sai ta yanke ko ƙwallo ta shiga ko ba ta shiga ba. Abin ya girma har NBA da kanta ta buɗe gasar ƙwararru ta wannan wasa a 2018 da ekip 17, ana biyan ƴan wasan albashi. A watan Afrilu na 2020 da korona ta rufe filaye, ƴan wasan NBA na gaske sun yi gasa a kan na'urar daga gidajensu, Devin Booker ya cinye. To samarinmu ba su kaɗai ke wannan hauka ba.

Yanzu Houston. Ekip ɗin nan mutum ɗaya ne ginshiƙinta: Hakeem Olajuwon, Bayarabe, Musulmi, haifaffen Legas a 1963, iyayensa ƴan kasuwar sumunti. Yana yaro gola yake yi a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Sai da ya kai shekara 15 makarantarsu ta je wata gasar wasanni a Sakkwato, shi yana cikin ƴan ƙwallon hannu. Wani ɗan makarantarsu ya roƙi mai horo a ara musu dogon yaron nan a ekip ɗin kwando. Daga nan ƙofa ta buɗe. Sakkwaton nan dai da kuka sani, wadda in ka tashi Gaya da safe ka bi Kamba, Birnin Kabi, Argungu, kana cikinta kafin rana ta faɗi.

A 1980 ya tafi jami'ar Houston. A 1984 shi aka fara zaɓa cikin sabbin ƴan wasan NBA, Michael Jordan ma na uku ya zo a shekarar. Amma kofi bai zo da wuri ba. Sau biyu ya faɗi a final ta jami'o'i, 1983 da 1984. A 1986 ya kai final ta NBA, Boston ta doke su. Shekara goma cur yana jira. A kakar 1993 zuwa 1994 Houston ta fara da cin maci 15 a jere, ta gama da nasara 58, faɗuwa 24. Hakeem ya haɗa kambu uku a shekara ɗaya: gwarzon kaka, gwarzon tsaro, gwarzon final, abin da babu wanda ya taɓa yi kafin shi. A final da New York an je har maci na bakwai. A na shida, saura daƙiƙu kaɗan, John Starks ya ɗaga jifan maki uku wanda da ya shiga da kofi ya tafi New York. Hakeem ya miƙa hannu ya taɓa ƙwallon, aka tashi 86 da 84. Ranar 22 ga Yuni 1994 Houston ta ci na bakwai 90 da 84. Shekarar da ta biyo suka sake ɗauka, suka share Orlando ta Shaquille O'Neal 4 da 0. A watan Fabrairu na 1995, yana cikin azumin Ramadan, aka zaɓe shi gwarzon wata. Har yau babu wanda ya kamo shi a tare ƙwallo a sama: sau 3,830.

Sai Toronto. Ita kuma wanda ya gina ta bai jefa ƙwallo ko ɗaya a final ba, don a ofis yake. Masai Ujiri an haife shi a Ingila a 1970, uba ɗan Nijeriya, uwa ƴar Kenya, amma a Zariya ya tashi. Shi ma ƙwallon ƙafa ya fara, sai yana da shekara 13 ya koma kwando a filayen Zariya, inda wani Ba'amurke mai horo, Oliver Johnson, ya yi shekaru yana tarbiyyar yara. Wanda yake kallo a matsayin gwarzo lokacin, Hakeem ne. Masai bai kai NBA da ƙafarsa ba. Ya yi wasa a Turai, sannan a 2002 ya shiga aikin farautar ƴan wasa wa Orlando ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa. A 2010 Denver ta ba shi ragamar ekip, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ekip na NBA, a shekarar ya koma Toronto.

A 2018 ya yi abin da ya sa garin ya yi masa ca. Ya sallami mai horo Dwane Casey, wanda a shekarar aka ba kambun gwarzon masu horo. Ya ba da DeMar DeRozan, ɗan gaban goshin magoya baya, ya karɓo Kawhi Leonard da ke fama da rauni kuma saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare. Ya haɗa shi da Pascal Siakam ɗan Duwala ta Kamaru, da Serge Ibaka ɗan Kwango Barazabil, da Kyle Lowry, daga baya ya ƙaro Marc Gasol. Suka gama kaka da nasara 58, faɗuwa 24, daidai da Houston ta 1994, ba ƙari ba ragi. Ranar 12 ga Mayu 2019, a maci na bakwai da Philadelphia, Kawhi ya jefa ta ƙarshe ta saman Joel Embiid, ƙwallo ta yi tsalle sau huɗu a bakin ƙarfe kafin ta faɗa, 92 da 90. Milwaukee ta ci su biyu na farko, suka rama huɗu a jere. Ranar 13 ga Yuni suka doke Golden State 114 da 110, kofi ya fita Amurka karo na farko. Wani abin kuma, a wannan Toronto ɗin ce Hakeem ya buga kakarsa ta ƙarshe, 2001 zuwa 2002. Zumunci ne za a yi ranar Asabar, amma irin na ƴan uba.

To wa zai ci? Ga yadda na gani.

Dabarar Houston a fili take: a ba Hakeem ƙwallo kusa da kwando. In mutum ɗaya ya tsare shi, ya juya shi da rawar ƙafar nan tasa ta tsohon gola. In biyu suka taru a kansa, ya mayar waje ga Kenny Smith, Vernon Maxwell, Robert Horry ko Sam Cassell su jefa ta maki uku. A zamaninsu babu ekip da ta kai su yawan wannan jifa, kusan sau 16 a maci. Amma Toronto ta 2019 tana jefa fiye da 30. Lissafi ke nan: in kai kana cin biyu-biyu, abokin karawarka yana cin uku-uku, sai ka fi shi saiti sosai kafin ka kamo shi.

Abu na biyu, doka. A 1994 an hana tsaron yanki a NBA, kowa da mutuminsa, in za ka taimaka sai ka fito fili ka taimaka. A 2001 aka cire wannan hani. A cikin na'ura ɗan lise yana da damar cunkushe tsakiya, ya sa Gasol a bayan Hakeem, Ibaka ko Siakam a gabansa, kafin ma ƙwallo ta iso. Toronto ta gaske ta saba da irin wannan, har ta taɓa sa mutum huɗu tsaron yanki, Fred VanVleet yana bin Stephen Curry shi kaɗai a final.

Abu na uku yana wajen Houston. Duk wanda ya kutsa ƙarƙashin kwando zai tarar da Hakeem, kuma a na'ura makinsa na tsaro yana can sama. Na kalli ɗan lisen nan a demi-final, yana da son kutsawa da Siakam. In bai canza hali ba, zai sha mamaki. Shi kuwa ɗan kabu-kabu haƙuri gare shi, yana cinye daƙiƙu 24 ɗinsa kafin ya jefa, kamar mai jiran fasinja a bakin tasha. Da yake kowane kashi minti biyar suka sa, maci gajere ne, kuma gajeren maci mai haƙuri yake taimako.

Ni dai na ce Houston, biyu da ɗaya. In na faɗi, shayin fada a kaina. Abin da kawai zai iya ɓata lissafin kowa shi ne kuran. An ce an tanadi gurup da lita biyu na esansi, Allah ya sa su isa. Kuma ina roƙo, kamar yadda na faɗa musu baki da baki: kofi da tafi sun isa, kada a sa kuɗi a kai. Ranar da caca ta shiga ɗakin nan, ranar zan daina zuwa.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Cikin masu kallo akwai wani yaro, shekararsa ba ta wuce 14 ba, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakin. Ya haddace makin kowane ɗan wasa, ya san wa ya fi wa tsalle. Na ce masa, “Ƙanena, kai a ina kake bugawa?” Ya ce, “Yaya, ban taɓa riƙe ƙwallon kwando ta gaske ba.” Na koma na leƙa filin da muka yi wasa a kai muna kwaleji. Sumuntin ya tsattsage, ƙarfe ɗaya ya karye, awaki ne ke kwance a inuwar allon.

Hakeem shekara 15 gare shi ranar da aka ara shi a Sakkwato. Masai 13 a Zariya. Ba na'ura ce ta gano su ba. Fili ne, da ƙwallo, da babba guda da ya tsaya ya ce wa yaro zo ka gwada. Kuma yau hanyar ta fi ta zamaninsu kusa. Masai ya kafa Giants of Africa tun 2003 yana zagaya ƙasashe yana horar da yara. Tun 2021 akwai gasar BAL ta ƙwararrun Afirka, wadda aka buɗe a Kigali da ekip 12, Zamalek ta Masar ta fara ɗauka. Nigelec ta Yamai ta taɓa shiga zagayen share fagenta. Rivers Hoopers ta Fatakwal ta zo ta uku a 2024. Maƙwabtanmu sun ɗauki kofin Afirka a 2015, sun doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunci a 2021. Duk waɗannan daga sumunti suka fara.

Filin kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, ƙarfe a mita 3 da santimita 5. Bai kai kangon da ake ajiye tirela biyu ba. A garin da buhunan sumunti suka yi shekaru suna ratsa shi zuwa wasu garuruwa, wannan ba abin da zai gagari ƴan kasuwarmu ba ne, da ƴan transit, da tsofaffin ɗalibai da ke aiki a Yamai. Na san kasuwa ta yi sanyi tun da gada ta rufe a 2023, kowa yana ji a aljihunsa. Amma dai dalilin ke nan da ya sa samari suka yi yawa a benci, kuma gara su yi gumi a fili da su zauna zaman jiran abin da ba su san ranar zuwansa ba.

Don haka ga shawarata. Ranar Asabar, duk wanda zai zo kallo ya riƙo abin da ya sawwaƙa, ko dala ashirin ce. Ba ta shiga aljihun mai ɗaki, ba ta shiga na wanda ya ci. Za mu ƙirga a gaban kowa, mu fara da sayen ƙwallo biyu da walda ƙarfen da ya karye, bayan mun nemi izinin masu makarantar. Iyaye mata, ku bar ƴan matanku su zo, don ƴan matan Nijeriya sun kai kwata-final a wasannin Olamfik na Faris a 2024. Malaman motsa jiki da suka taɓa koyar da kwando, muna neman mutum ɗaya da zai ba da yammacin Laraba da na Lahadi.

Dogon yaron nan na ce masa ya zo da wuri, shi zai fara riƙe ƙwallon in an sayo.

Sai mun haɗu ranar Asabar bayan la'asar. Sakamakon kuma za ku ji shi a shirinmu na wasanni ranar Litinin. Allah ya ba mai rabo sa'a, ya bar mu da zumunci.