Ƙanƙancewar Ƙwaƙwalwa a Cutar MS

MS cuta ce da garkuwar jiki ke afka wa rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Wannan rufi kamar robar da ke lulluɓe wayar lantarki yake; idan ya lalace, saƙo ba ya wucewa yadda ya kamata. Cutar ta fi farawa tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma ta fi kama mata.

Mene ne ƙanƙancewar ƙwaƙwalwa?

Ƙwaƙwalwar kowa tana raguwa a hankali yayin da shekaru ke ja, kimanin kashi 0.1 zuwa 0.3 cikin 100 a shekara. A wurin mai MS da ba ya kan magani, raguwar takan kai kashi 0.5 zuwa 1, har ma fiye, domin jijiyoyin da suka rasa rufinsu sukan mutu daga baya, kuma ba sa dawowa.

Me ya sa ake damuwa da ita?

Raguwar tana farawa tun farkon cutar, kuma tana iya ci gaba ko a lokacin da ciwon ya lafa. Da fari ƙwaƙwalwa takan cike giɓin ta wasu hanyoyi, shi ya sa majiyyaci ba ya ganin alama. Idan ɓarnar ta taru sai a fara ganin mantuwa, jinkirin tunani, yawan kasala da wahalar tafiya. Waɗanda ƙwaƙwalwarsu ke saurin raguwa sun fi fuskantar naƙasa nan gaba.

Yadda ake ganewa

Likita yana kwatanta hotunan MRI da aka ɗauka a lokuta daban-daban. Hoto ɗaya ba ya wadatarwa. A watannin farko na magani ƙwaƙwalwa kan yi kamar ta ragu saboda kumburi ya saɓe. Wannan ba ya nufin maganin ya gaza.

Abin da za ku iya yi

• Ku fara magani da wuri. Magungunan da ke rage ƙarfin cutar, irin su fingolimod da ocrelizumab, suna rage saurin ƙanƙancewar.
• Kada ku daina magani don kun ji sauƙi sai da shawarar likita.
• Ku bar shan taba, domin tana hanzarta cutar.
• Ku kula da hawan jini da ciwon suga, ku riƙa motsa jiki.

Iyali sukan riga majiyyaci lura da mantuwa ko sauyin tafiya. Idan kun ga haka, ku sanar da likitan jijiyoyi, kada ku jira ranar komawa asibiti.