Landirofa: Ingarman Ƙarfe na Zamanin Turɓaya

Duk dattijon da ya yi wayo tun kwalta ba ta haɗa Yamai da Damagaram ba, idan aka tambaye shi motar da ya fara sani a karkara, da wuya ya ambaci wata ba Land Rover ba, wadda bakinmu ya mai da ita Landirofa. Ita ce ta kwamanda, ita ce ta likitan dabbobi da masu rigakafi, kuma a cikinta sarakuna da dama suka yi rangadin da kakanninsu suka yi bisa doki. Tun ba a gan ta ba ake jin kukanta, yara su sheƙa bakin gari, mai gari ya gyara rawani.

Ba ita ce ta fara taka ƙasarmu ba. A ƙarshen 1924 ayarin motoci 8 na kamfanin Citroën, masu sarƙa a ƙafafun baya, ya ratsa Yamai da Tasawa da Damagaram a kan hanyarsa ta zuwa tafkin Cadi. Amma waɗannan baƙi ne, sun wuce. Landirofa ce ta zo ta zauna.

Asalinta Ingila. Bayan yaƙin duniya na biyu, wani injiniyan kamfanin Rover mai suna Maurice Wilks yana da gona a tsibirin Anglesey, inda yake aiki da tsohuwar jif ta sojan Amurka. A 1947 ya ƙudura ƙera wadda za ta gaje ta, motar da za ta ja garma da safe, ta kai kaya kasuwa da maraice. Ƙarfe ya yi tsada a lokacin, gwamnati ke rabon sa, sai aka yi gangar jikinta da alminiyam, aka shafa mata koren fentin da ya rage daga jiragen yaƙi. Ranar 30 ga Afirilu 1948 aka nuna ta ga jama'a a birnin Amsterdam, aka shiga ƙera ta a Solihull. Rashi ne ya sa aka zaɓi alminiyam, sai ga shi ya zama sirrin tsawon ranta, domin ba ya tsatsa.

Samfuri na biyu ya fito a 1958, aka ɗan inganta shi a 1961, na uku kuma a 1971, wanda aka yi ta ƙerawa har 1985. Akwai gajera mai inci 88 tsakanin ƙafafun gaba da na baya, da doguwa mai inci 109, wadda ta fi ɗaukar fadawa da kaya. Wanda ya taɓa shiga ba zai manta da sandunan nan biyu da ke kusa da giya ba: mai rawayan kai, wadda ake dannawa ƙafa huɗu su ja tare, da mai jan kai, wadda ake ja baya idan yashi ya yi yawa ko gulbi ya kawo laka. Wasu suna da rufi biyu, iska na bi ta tsakani don rage zafin rana. Tayar canji tana zaune bisa murfin injin. Idan batir ya mutu, a soka hannun ƙarfe ta gaba a murɗa, ta tashi.

Kada mai karatu ya zaci motar jin daɗi ce. Sitiyarinta nauyi gare shi, gudunta kaɗan ne, ga shan mai, ƙura kuwa ta kowace kafa take shiga, har mai farin rawani ya sauka da ja. Darajarta a wani wuri take: babu abin da ke cikinta wanda ya fi ƙarfin bakanike mai hankali da 'yan sifanoninsa a gindin bishiya, abin da ya gagare shi kuma maƙerin gari ya ƙera. Da Toyota Land Cruiser ta yawaita, da injin mai juriya da kayan gyara a kowace kasuwa, sai Landirofa ta ja baya, aka jingine da yawa a bayan gidaje. A Ingila an ci gaba da ƙera jikarta, wadda aka raɗa wa suna Defender a 1990, har ranar 29 ga Janairu 2016, bayan an ƙera fiye da miliyan 2 tun daga 1948.

A shekarar da aka daina, a ita kamfanin ya fara da motoci 25 na samfurin farko, ya warware su har kusa ta ƙarshe, ya sake ɗaure su kamar ranar da suka fito. Me ke jan mutane ga tsohuwar da aka tayar? A ganina, dalilin Bature daban, namu daban. Shi yana neman motar da zai gane da idonsa, ya gyara da hannunsa, a zamanin da kwamfuta ke sarrafa injin. Mu kuwa, idan Landirofa ta tashi a ƙofar fada, mutane ne ke dawowa tare da ita: direban da ya san kowace rijiya tsakanin Tawa da Madawa, dogarin da ke zama a baya, da tafiyar kai agaji a farin 1973 da na 1984.

A nan ne abin tsoro yake. Ƙasarmu busasshiya ce, shasin ƙarfe da ke ruɓewa a danshin Turai a nan yakan daɗe. Rana ce ke cin roba da waya da kujeru, waɗanda duk ana iya sakewa. Amma alminiyam ɗin jikinta shi ne abin da masu zubin tukwane ke nema, kuma motar da ta yi shekara 60 tana iya narkewa a yini guda. Gidan da ke da ita, ko da kaji ke kwana ciki, ya fara adana farantin lambarta da takardunta da hotunanta, domin da wannan lamba gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila ke duba kundin masana'anta ya faɗi ranar da aka ƙera ta. Sa'an nan a zauna da tsoffin direbobi a rubuta inda ta je da wanda ta ɗauka. Idan an zo gyara kuma, ina roƙon kada a cika ƙyale-ƙyale: a bar mata launinta na asali, a bar lotsawar ƙofar da kututture ya yi mata a hanyar rangadi.