Daga Madugu Zuwa Kwamfuta: Yadda Ake Saiti Da Taurari

Jama'a, yau za mu ba ku tarihin wata na'ura mai neman taurari da kanta. Amma sai mu fara daga gida.

Tun zamanin kakanninmu, Buzaye Kel Geres, mazauna ƙasar Adar da Gobir, suna fita da ayarin raƙuma zuwa Fashi da Bilma ɗauko gishiri da dabino. Ayari yakan ratsa Tenere, inda babu hanya sai rairayi. Idan madugu ya kauce wa rijiya, mutane da raƙuma duk ƙishirwa za ta kashe su. To, da me yake gane gabansa da dare? Da taurari. Ba dukansu ya sani ba. Kaɗan ya sani, amma ya san su sarai. Akwai tauraron arewa, wanda kusan ba ya gusawa daga wurinsa. Akwai wasu bakwai masu kewaya shi, waɗanda Buzaye ke kira Taguwa. Akwai kuma Kaza da Ƴaƴanta. Da zarar ya daidaita kansa da waɗannan, ya san gabas da yamma.

Malamanmu ma ba a bar su baya ba. Malam Muhammadu Al-Katsinawi ya yi rubutu kan hisabi da ilmin taurari. A Alƙahira ta Masar ya rasu, a shekarar 1741.

Duk wannan da ido tsirara aka yi shi. A 1608 aka fito da madubin hangen nesa a ƙasar Holan. A 1609 wani masani ɗan Italiya mai suna Galileo ya haɗa nasa, ya ɗaga shi sama. A farkon 1610 ya hango watanni 4 suna kewaya Mushtari.

Sai dai madubin ya zo da wahalarsa. Yana ƙara girman abu, amma ɗan wuri kaɗan yake nunawa, kamar mai leƙen sama ta cikin bututu. Mutum yakan daɗe yana lalube bai sami abin da yake nema ba. In ya samu kuma, sai ya ga abin ya sulale, domin ƙasa tana juyawa, sama tana gusawa digiri 15 a kowace awa.

Da kwamfuta ta zo, aka fara haɗa ta da manyan madubai na masana. A 1992 kamfanin Meade na Amurka ya fito da wani mai suna LX200, wanda ya yaɗu a hannun masu kallon sama don sha'awa. An zuba wa kwamfutarsa lissafin dubban taurari. Ka zaɓi sunan wanda kake so, injin ya juya madubin zuwa gare shi, ya kuma riƙa bin sa.

Amma ku lura. Na'urar ba ta san inda aka ajiye ta ba, kamar baƙon da ya sauka gari cikin dare. Sai an yi mata saiti. Ga yadda ake yi da irin wannan madubi.

Da fari, a kafa ƙafafunsa uku a ƙasa mai tauri, su daidaita, kada ya karkace. Na biyu, a ba kwamfutar kwanan wata da lokaci daidai. Kuskuren minti 4 yakan kautar da madubin digiri 1, wato faɗin farin wata sau biyu. Na uku, a gaya mata inda ake. Birnin Ƙonni da Malbaza suna wajen digiri 14 arewa da tsakiyar duniya. Shi ya sa tauraron arewa yake ƙasa-ƙasa a wurinmu. Miƙa hannunka ka dunƙule, za ka same shi kamar dunƙule ɗaya da rabi daga gindin sama. A Ilela ya ɗan fi haka tashi kaɗan.

Na huɗu shi ne babba. Sai a nuna wa madubin taurari biyu ko uku masu haske, masu nisa da juna, kowane a sa shi tsakiyar gilashi sosai. Daga nan kwamfuta za ta lissafa inda sauran suke. Idan mutum ya nuna mata wani tauraro da sunan wani, duk daren nan ɓata za ta yi ta yi. Idan kuma aka yi tuntuɓe da ƙafar madubin, sai a sake saiti daga farko.

Daga baya an yi wasu masu kyamara da ke gane taurarin da kansu. Amma dabarar ba ta sake ba. Ita ce ta madugu: ka tabbatar da kaɗan, su kai ka ga sauran.

Saboda haka, ƴan uwa, kada mu yar da sanin da muka gada. Daren da babu farin wata, ku fita bayan gari da yaranku. Ku tambayi dattawa sunayen taurari da lokacin fitowarsu. Tun da yanzu kun iya rubutu, ku rubuta su a littafi, domin na baya su samu.