Kwanan daji a jihar Diffa: yadda ake zaɓen buhun barci

A jihar Diffa, aiki yakan sa mutum ya kwana a fili. Manomin tattasai na gaɓar Komadugu yana gadin abin da ya shanya, direba yana yada zango a kan hanyar N'Guigmi zuwa N'Gourti, ma'aikatan lafiya kuma suna bin rugage domin allurar rigakafi. Yawancinsu tabarma da bargo suke ɗauka. Amma buhun barci, wanda ake kira sac de couchage da Faransanci, yana iya sauƙaƙa musu dare idan an zaɓe shi daidai.

Buhun barci bargo ne da aka ɗinke kamar buhu, da zif a gefe. Ba ya ƙirƙirar ɗumi, ɗumin jikin mai shi yake riƙewa. Saboda haka, kafin a tambayi kuɗinsa, a fara sanin inda za a kwana da watan da za a yi tafiyar.

Sanyin da za a tarar

A Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa, ma'aunin zafi a yankin Diffa da Maine Soroa yakan sauka zuwa wajen digiri 12 ko 13 da asuba, wani daren ma ƙasa da haka. Idan aka yi arewa, wajen tsaunukan Termit ko hanyar Bilma, sanyin dare ya fi tsanani. A Afrilu da Mayu kuwa rana tana wuce digiri 40, mayafi marar nauyi ya wadatar.

Lambobin da ke jikin buhun

Buhu na ƙwarai yana ɗauke da lambobi uku, bisa ƙa'idar ISO 23537 ta 2016, wadda ta gaji ta Turai EN 13537. Confort shi ne sanyin da mai saurin jin ɗari zai yi barci a cikinsa ba tare da damuwa ba. Limite shi ne iyakar da namiji zai jure idan ya duƙunƙune. Extrême kuwa lambar tsira da rai ce kawai, ba ta barci ba. Mai saye ya dogara da lambar confort. A kwarin Komadugu, mai confort 10 ya isa. Wanda zai shiga hamada da hunturu ya nemi mai 5 ko 0.

Abin da aka cusa a ciki

Iri biyu ne. Mai gashin agwagwa ya fi ɗumi, ba shi da nauyi, yana kuma naɗuwa ƙarami, amma yana da tsada, kuma da ya jiƙe ya daina aiki. Mai zaren roba ya fi nauyi, sai dai yana da araha, yana saurin bushewa, yana kuma riƙe ɗumi ko da ya yi danshi. A bakin kogi, inda Komadugu ke cika daga Oktoba zuwa Disamba har ta yi ambaliya kamar a 2019 da 2022, na roba ya fi dacewa.

Ɗinki ma iri biyu ne. Mai tsukakkiyar ƙafa da hula yana hana iska shiga, shi ya dace da hamada. Mai kusurwa huɗu ya fi walwala, ana kuma iya buɗe shi gaba ɗaya ya zama bargo.

Shimfiɗa da sange

Yashi yana zuƙe ɗumin jiki cikin dare, kuma ɓangaren buhun da aka danne ba ya kare komai. Dole a sa tabarma ko siririyar katifar soso a ƙasa. Ita ce kuma ke kare ƙyallen daga ƙarangiya da ƙaya. Buhun barci ba ya maye gurbin gidan sauro. A kusa da kogi da gonakin rani, sange mai magani ya fi buhun muhimmanci, domin fuska a waje take kwana, zazzaɓin cizon sauro kuma yana kisa.

Idan na gwanjo za a saya

A ja zif ɗin sama da ƙasa sau da yawa, domin ƙura ce ke fara kashe shi. A ɗaga buhun a hasken rana: inda haske ya ratsa, cikin ya mutu. A gwada tsawonsa. Wanda ya yi gajere yana matse ƙafa, wanda ya yi yawa yana barin iska mai sanyi. Kafin a yi amfani da shi, a wanke, a shanya ya bushe sarai.

Hattara

A kakkaɓe buhun kafin a shiga, saboda kunama. Kada a sa jariri a buhun babba, yana iya toshe masa numfashi. Kada a kwana da garwashi a rufaffiyar tanti ko bukka, iskarsa tana kisa ba tare da wari ba. Sannan, tun da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihar a Fabrairun 2015, ba ko'ina ake yada zango ba, musamman a gaɓar kogi da wajen tafkin Chadi. Matafiyi ya tuntuɓi hukuma da mai gari kafin ya shimfiɗa tabarmarsa.